Ɗakin Ɗumi

Kakana Tokuji ba ya barci a dare na biyu.
Ƙanƙara ta danne rufin gidaje a tsaunukan Akita,
amma a ɗakin katako da ke bayan madafa
raɓa ce ke ɗiga daga rufi,
shinkafa kwance a akwatuna, an lulluɓe ta kamar mai jego.

Ya yaye mayafin, ya cusa hannu har wuyansa.
"Taɓa, Sanae."
Na taɓa. Ɗumi irin na ƙarƙashin kaza mai kwanci,
alhali babu garwashi a ɗakin.
Farar fumfuna ta kama kowace ƙwaya,
ƙamshi na tashi kamar ana gasa dankali a nesa.

Shekara huɗu na yi a Sendai ina koyon sunan abin.
Shi sittin ya yi yana renonsa, bai taɓa tambaya ba.

Na ce, Kaka, enzayim ake ce masa.
Tsakanin sitaci da sukari akwai tudu.
Ka bar sitaci da ruwa kawai, zai hau shi dai,
amma kafin ya gangara jikokina sun yi furfura.
Shi enzayim ba ya tura kowa.
Wani ɗan lungu gare shi a jiki,
daidai wa daida da sarƙar sitaci:
ya riƙe ta, ya lanƙwasa, ta tsinke,
ya saki, ya kama wata,
ɗaruruwa kafin ka ƙifta ido,
kuma ya fito yadda ya shiga, ko ƙwarzane babu.

Ya yi shiru yana marmasa dunƙule da babban yatsa.
"Ramin jirgin ƙasa ke nan," in ji shi.
"Ubana kwana biyu yake yi, da gishiri a baya,
kafin ya ƙetare dutsen can.
Yau kafin shayi ya huce ka isa.
Dutsen na nan. Garin ma bai matso ba."

Na rufe littafina. Malamaina ba su faɗe shi haka ba.

Can tsakar dare ya tashi ya buɗe 'yar taga,
ya baza shinkafar, ya ja mata kunya-kunya da yatsu.
Na so in ce zafi in ya yi yawa lungun nan narkewa yake,
kamar ƙwai, in ya dahu ba ya komawa ruwa.
Ban ce ba.
Bayan hannunsa ya riga ma'aunina sani.

"To ɗumin fa, daga ina?"
Wannan karon shi ya tambaya.
Na ce, fumfunar ce ke cin sukarin da ta fasa.
Ka jefa sukari a wuta, lokaci guda zai tafi, sai baƙi da hayaƙi.
Mai rai ba ya haka.
Taki-taki yake sauka da shi,
kowane taki da mai tsaronsa,
ana canza babban kuɗi zuwa 'yan sulalla
da za a iya kashewa a motsi, a tsiro, a numfashi.
Abin da ya zube a hanya, shi ne ɗumin.
Shi ne kuma na tafin hannunka.

Ya dubi hannun. Bana rawa yake yi.
Bara ba ya yi.

Da asuba ya miƙo mini dafaffiyar shinkafa,
farar nan, mara komai.
"Tauna. Kar ki haɗiye."
Na tauna, na tauna, muƙamuƙi ya gaji,
sai ga zaƙi ya ɓullo daga ƙarƙashin harshe,
a hankali, kamar baƙon da ya san gidan.

"Naki ne wannan," ya ce.
"Gobe ke za ki kwana nan. Taga tana cijewa, sai kin ɗaga ta kaɗan."